Ƙaho Ranar Kasuwar Wudil

Mijina malamin firamare ne a Wudil, kuma tunda aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Malam. Dogo ne siriri mai yawan dariya, irin mutanen nan da ko tsawa za su yi wa yaro sai sun fara ba shi haƙuri. A Sabon Gari muke zaune, cikin gidansu na gado, mu a sashen baya, mahaifiyarsu Inna a tsakiya, wansa kuma a sashen gaba. Wan nan nasa, wanda duk gidan muke ce wa Yaya, shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi a makaranta. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na ɓoye alherinsa, domin daga nan ba zan ƙara faɗar wani ba.

Shekarun da kuɗin mai suka faso ƙasar nan ne. Yaya da muka sani yana dillancin shanu a kara, sai muka wayi gari ya zama ɗan kwangila. Ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, ya ɗauki direba, ya buga wa sashensa kwano, ya kawo rediyo mai kaset da ake jin ta tun daga bakin titi. Kuɗin ba su zo su kaɗai ba, sun zo masa da sanin komai. Ko ciwon kai ka ce kana yi a gabansa, sai ya gaya maka dalili da magani.

A wannan lokacin Malam ya fara ciwo. Da farko gajiya ce, keken da yake takawa zuwa makaranta ya koma tura shi yake yi. Sai zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Tafin hannunsa ya yi fari fat, in ya yi asuwaki dasashinsa ya yi ta jini har hantsi. Aka ce shawara ce, aka sha saiwoyi har muka gaji. Daga ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a birni, inda wani likita dattijo ya ɗebi jininsa, ya kuma soki ƙashin ƙugunsa ya ɗebi ɓargo. Wata nas ce take yi mana tafinta. Ta ce sankarar jini ce, jinin ne da kansa ya lalace tun daga ɓargon da ake yin sa.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a jikin manya ciwon nan taurin kai ne da shi, magani ɗaya ba ya kayar da shi, shi ya sa suke haɗa magunguna suna gwadawa, wannan da wancan, don su ga wane haɗi ne zai yi. Ya ce gwaji ne, ba alkawari ba, kuma sai in Malam ya yarda. Malam ya dube ni, ya dubi likita, ya ce a gwada, in bai amfane shi ba ya amfani wani a bayansa.

Na ga wahala a ɗakin nan. Akwai wani magani ja da ake sa masa a jijiya, akwai ƙwayoyi farare, akwai wata allura da in an yi masa sai ya yini yana amai. Gashin kansa ya zube a kan matashi, bakinsa ya yi gyambo har kunu sai na sirka shi ya zama ruwa. A ƙarƙashin gadonsa nake shimfiɗa tabarmata. Maƙwabtansa na gado kowa da irin haɗin da ake ba shi, kuma ba sau ɗaya ba na ga an naɗe katifar wani an fitar. Amma Malam ya tashi. Zazzaɓin ya sauka, ya fara zama da kansa, har wata safiya ya ce mini shi fa kifin Wudil yake sha'awa, mai yaji sosai. Ranar likita ya kira ni ya sa na leƙa madubinsa na duba jini. Ni ban ga komai ba sai ɗige-ɗige, amma na ga fuskarsa, na san labari mai daɗi ne. Ya ce haɗin yana aiki. Mu koma gida Malam ya huta ya yi ƙiba, sannan mu dawo a ci gaba, domin ba a gama ba.

Kafin mu fito ya sa nas ta maimaita mini magana ɗaya har na haddace. Ta ce maganin da ya share mugun jinin ya haɗa har da abin da ke sa jini ya daskare in an yanke, kuma sai a hankali zai dawo. Saboda haka kada ƙarfe ya taɓa fatarsa. Ba aski da aska, ba tsaga, ba ƙaho. Ta ce za mu ga tabo baƙi-baƙi suna fito masa a jiki, kada mu tsorata, kada mu taɓa, da kansu za su baje. Aikina ke nan a duniya: in mai da shi asibitin nan da ransa.

Ranar da muka dawo na durƙusa a ɗakin Inna, Yaya yana zaune a bakin ƙofa, na faɗi saƙon likita kalma-kalma. Matar ƙane ba ta ɗaga ido ta kalli wan miji, don haka tabarma nake kallo ina magana. Sai na ji dariyarsa.

"To, mun ji, likitar gida," in ji shi. "Allah ya ƙara sani."

Tabon kuwa suka fito, a gadon baya da cinyoyi, wasu kamar faɗin tafin hannu. Wata safiya Malam yana shan hantsi ba riga, Yaya ya shigo ya gani, ya tsaya ya riƙe baki.

"Kai, wannan ai mataccen jini ne kwance a jikinka! Sun ɗura maka ruwa iri-iri, dattin ya taru ya rasa hanyar fita. In ba a zuƙe shi ba zuciya zai koma. Gobe in kira wanzami."

A gidansu ƙaho al'ada ce. Duk shekara in zafi ya kunno kai, wanzamin gidan yakan zo da zabirarsa, maza su jeru a zaure ya kafa musu, kowa ya tashi yana cewa jikinsa ya yi sakayau. Ba na musun yana yi wa masu lafiya amfani. Amma Malam ba mai lafiya ba ne.

"Yaya, likita ya hana," in ji Malam, a hankali kamar mai neman alfarma.

"Likitan ne ya yi maka kaciya ko wanzamin gidan nan?"

Ina daga madafa na ce, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, "Yaya, ka yi haƙuri, muddin ina cikin gidan nan ba mai sa masa aska." Ya kaɗa rigarsa ya fita. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe abin da ya ji a maganata shi ne "muddin ina cikin gidan nan".

Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, da sassafe uwargidan Yaya ta shigo da fara'a. Ta ce Yaya ya ce motarsa za ta Kausani, in shirya a kai ni in gaida mahaifiyata, tunda na tafi jinya ban sa ta a ido ba. Har da tsaraba ya haɗa mini, sabulu da sukari da turmin atamfa. Malam ya ce in je mana, ai yana jin ƙarfi. Na shiga gaban mota ina sa wa Yaya albarka, kuma har yau in na tuna albarkar nan sai raina ya ɓaci. Direba kuwa an riga an gaya masa kada ya dawo da ni sai bayan la'asar.

Abin da ya faru a bayana Inna ce ta gaya mini daga baya, tana kuka. Ƙurar motar ba ta kwanta ba wanzami ya iso. Malam ya sake cewa likita ya hana. Yaya ya ce, "Ni da na riƙe ka tun kana tsumma, yau ni zan cuce ka?" Malam bai iya musu da wansa ba, bai taɓa iyawa ba. Ya cire riga ya ba da baya. Aka kafa ƙaho a kan tabon, aka cire, aka tsattsaga, aka mayar aka zuƙa. Da aka juye jinin farko a kasko, Yaya ya ɗaga yana nuna wa mutane yana cewa, "Kun gani? Kun ga baƙinsa?"

Sai jinin ya ƙi tsayawa. Aka sa toka, aka sa garin bagaruwa, aka kwaso yanar gizo aka liƙa, aka ɗaure da zane. Zane ya jiƙe aka canza wani. Wanzami ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba, a nemi mota. Motar gidan kuwa tana Kausani, a ƙofar gidanmu, direba yana shan fura. Motocin gari duk sun yi lodin shanu da buhuna, masu su sun tafi masallaci. Sai da aka sami mai babur ya zo ya kira mu.

Na same shi kwance rub-da-ciki, tabarmar ta jiƙe har ƙasa, leɓɓansa sun yi fari. Da ya ji muryata ya buɗe ido, abin da kawai ya ce mini shi ne, "Kada ki yi faɗa." Muka sa shi a bayan a-kori-kura muka nufi asibitin birni, kansa a cinyata, ina danne bayansa da mayafina. A bakin gada muka tarar da kasuwa ta fara watsewa, garken shanu da manyan motoci sun cushe hanya, direba yana ta oda ba mai jin sa. Mun haye da ƙyar. Ba mu yi nisa da gadar ba na ji kansa ya yi nauyi a cinyata.

Na yarda kwana ya ƙare, ni Musulma ce. Da Yaya ya yi shiru a zaman makoki, wataƙila da na bar shi da Allah. Amma ina ɗaki ina jiyo shi a zaure yana gaya wa masu gaisuwa cewa maganin asibiti ne ya tsinka jinin ƙanensa ya mai da shi ruwa, gwaji suka yi da shi, shi ya yi ƙoƙarin ceto amma an makara. Mutane suna ta "Allah sarki". Har aka fara cewa matar ce ta kai shi inda aka ƙarasa shi. Na yi takabata ban ce uffan ba. Kowa yana yaba haƙurina, ni kuwa jira nake yi, kuma na san abin da nake jira, domin Yaya ya riga ya biya kujerar Makka.

Maniyyaci ba ya tafiya sai ya nemi gafarar mutane, kowa ya san wannan. Ya fara aiko uwargidansa, na ce na ji. Ya aiko Inna, na ce ai ba ita ta yi mini ba. Ban fita daga gidan ba ko da na gama takaba, duk da mahaifiyata tana ta aike in koma Kausani. Na zauna har ranar tafiya.

Gida ya cika maƙil, dangi daga Ɗankaza da Kausani, abokan kwangila, liman da dattawan unguwa. Da hantsi Yaya ya shigo tsakar gida yin bankwana da mata, cikin farar shadda, maza suna biye da shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, zan tafi ɗakin Allah. Duk wanda na ɓata wa, da sani ko ba da sani ba, ya yafe mini." Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana duka." Na bari sai da suka yi shiru, sannan na ɗaga labule na fito.

"Ni ban yafe ba."

Karo na farko ke nan da na kalle shi cikin ido.

Liman ya ce, "Haba 'yata, mai tafiya aikin Hajji ne fa."

"Na sani, Liman, shi ya sa na bari sai yau. Yaya, ka gaya wa mutanen nan, na faɗa maka likita ya hana ƙaho ko ban faɗa ba?"

Ya dubi liman, ya dubi Inna, ya share gumi da hannun riga. "Kin faɗa."

"Wa ya aika da ni Kausani?"

"Ni ne."

"Don in gaida mahaifiyata?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Don kada ki hana."

"Maganin asibiti ne ya kashe shi?"

Sai ga Yaya, mai a-kori-kura, ya durƙusa a tsakar gida, shaddarsa a cikin ƙasa, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Ƙahon ne. Wallahi lafiya na nufe shi da ita. Ni na sa aka yi, ni na ɗora wa asibiti. Na faɗa a gaban kowa. Yanzu ki yafe mini, don girman Allah."

Mata suna ta sharɓar kuka, liman yana gyaɗa kai, kowa ya ɗauka an zo ƙarshe. Ni kuwa wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina, irin wanda rabona da shi tun a kan gada. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "A'a. So nake dai su ji. Ka je da alhakin, ka tsaya da shi a Arfa."

Na koma ɗaki na ɗaure kayana, kafin azahar ina hanyar Kausani a motar haya.

Shekaru sun wuce, na ji wa'azi a kan falalar yafiya har ba iyaka, kuma ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma haƙƙin nawa ne, Allah ne ya bar shi a hannuna, ni kuma ban ba da shi ba. An ce Yaya ya dawo daga Hajji da haƙorin Makka, duk Wudil an gani. Mun sha haɗuwa da shi a wurin suna da gaisuwar mutuwa har ya bar duniya, amma ni ban taɓa ganin haƙorin ba, domin bai sake buɗe baki a inda nake ba.