Ranar da Zahida ta fitar da kayanta

Duk mai sayen magani a farmasin da ke bakin titin Vêdoko ya san Zahida, doguwar nan mai farar riga da ke rubuta wa tsofaffi lokacin shan magani a jikin kwali. 'Yar Zangon Kwatano ce, gidan marigayi Alhaji Badarou, inda mutum talatin da wani abu ke kwana a tsakar gida ɗaya. Shekararta ashirin da takwas, ba ta taɓa rufe ƙofa ta zauna ita kaɗai ba. Ɗaki ɗaya suke da mahaifiyarta, Hajiya Bibata, da 'ya'yan yayyenta uku.

Da abokiyar aikinta Sakinatou, 'yar Zugu, ta kama ɗaki da falo kusa da farmasin, ta ce tana neman abokiyar zama, Zahida ta yi wata biyu tana juya maganar. Ɗakin ya kwanta mata. Abin da take tsoro shi ne ta fita ba da albarkar uwarta ba. Sau uku tana tayar da zancen, sau uku Hajiya na ce mata, "Na ji," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Yayanta Ilyas, direban tirela, shi ya ba ta shawara. "In kin nace, ki riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan a jaka, ki hau babur ɗin zemijan kamar za ki aiki. Kada ki tara mana jama'a."

"Yaya, sata zan yi?"

"Ni dai na faɗa miki."

A unguwar nan, kayan 'ya mace sau ɗaya suke fita ta zauren ubanta, ranar da za a kai ta ɗakin miji. Zahida ta san da haka, amma gani take tsohon zance ne. Ran Asabar da hantsi ta kira mai babur mai ƙafa uku, aka ɗora katifa da fanka da akwati. Sai ta tuna ba ta da tukunya. Ta durƙusa ta jawo samira biyu daga ƙarƙashin gado, cikin waɗanda Hajiya ke tara mata tun tana 'yar makarantar lakwal. Ai nata ne, in ji zuciyarta.

Gwaggo Yalwa mai koko tana wanke ƙwarya a ƙofar gidanta lokacin da sababbin kwanonin suka fito, takardarsu ko ɓarewa ba a yi ba. Tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ta sake rangaɗawa. Kafin Zahida ta buɗe baki, mata sun fito daga gida huɗu.

"Lallai Bibata! Biki ba goro?"

"Waye angon? Ɗan Yamai ne, ko wancan na Placodji mai kifi?"

"Amarya, juyo mu gan ki mana!"

Zahida ta tsaya rungume da kwanonin. Sai ga Hajiya ta fito, mayafi a kafaɗa. Ta dubi katifar, ta dubi samirun, ta daɗe a kansu.

"Ba biki ba ne, Yalwa," ta ce. "Haya za ta."

Wata ta ce, "Haya? Ita da wa?" Hajiya ta koma ciki, ta fito da samira huɗu, ta aje gaban mai babur. Ta koma ta kwaso wasu. Sawu bakwai ta yi, ba ta bar kowa ya kama mata ba.

"Inna, biyu kawai nake so. Ki bar sauran, ranarsu na zuwa."

"Ranarsu ta zo. Ba ki ji guɗa ba? Kwashe duka, in samu wurin aje takalmana."

Zahida ta durƙusa a cikin yashin titi, gaban kowa. "Inna, ki sa mini albarka."

Hajiya ta gyara mayafinta. "Allah ya kiyaye hanya," ta ce, irin yadda take sallamar masu kawo mata tallar atamfa.

A Vêdoko, Sakinatou ta ga kwanoni sun cinye rabin falo, ta fashe da dariya. "Ke, gidan abinci za mu buɗe?" Da ta dubi fuskar Zahida sai ta kama jera su a jikin bango.

Yau wata takwas ke nan. Zahida tana da makullinta, tana barcinta ba mai taka mata ƙafa. Kowace Juma'a bayan an sauko, takan hau zemijan ta je Zango. Ba a taɓa korarta ba. Hajiya kan sa a shimfiɗa mata sabuwar tabarma a tsakar gida, a kawo mata ruwa a kofin gilashi na baƙi. Juma'ar da ta wuce, Zahida ta ƙi zama, ta nufi madafa ta ɗauki muciya. Hajiya ta bi ta, ta karɓe a hankali.

"Haba, ki huta, kin sha hanya. Zauna mu gaisa. Ya mutanen gidanku?"

Zahida ta zauna a bakin tabarmar. "Suna lafiya, Inna," ta ce.