Allah Ya Kawo Nasara

A garejin da nake gyaran wayarin mota a unguwar Manshiya, nan ƙasar Larabawa, akwai talabijin rataye a bango, kuma ban taɓa ganin an kawar da ita daga tashar labarai ba. Da an idar da la'asar, mai garejin, wani Balarabe mai tumbi da muke kira Haj, zai jawo kujeru ƙarƙashinta. Abokansa su zo, a ɗora shayi, a fara gyara duniya. Maganar kullum guda ce: me Turawa za su yi game da Larabawa da Isra'ila don ta'addanci ya ragu.

Na ji muhawarar nan har na haddace ta. A wajen Haj abin mai sauƙi ne. Turawa su daina ba wa ɓangare ɗaya makami suna yi wa ɗayan wa'azin haƙuri, a ba Falasɗinawa ƙasarsu, masu ɗibar samari su rasa hoton da za su nuna musu a waya. Amininsa, wani tsohon malamin makaranta, sai ya girgiza kai. Ya ce ko gobe da safe aka raba ƙasar, matuƙar Turawa na rungumar duk shugaban da ya sayar musu da mai yana danne mutanensa, samari ba za su daina shiga sahara da bindiga ba. Yakan ƙara da cewa su ma Yahudawan tsoro ke cin su, kuma sai an san yadda aka yi da tsoron nan kafin su saki komai. A nan Haj zai daki cinyarsa. Akwai kuma wani dillalin motoci da ke cewa Turawa su tattara su bar yankin kawai, har sai malamin ya tuna masa ƙasar da ɗansa yake karatu.

Ni ina ƙarƙashin sitiyari ina sauraro. Wata rana in ga Haj ne da gaskiya, wata rana malamin, yawanci kuwa gajiya kawai nake ji. Masu bindigar da suka hana mu noma a gida har na baro, ban taɓa jin sun ambaci Ƙudus ba, shanu suke nema. Amma ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin da zai kai ni ba.

Mai waldarmu dattijo ne daga Tawa, mai shiru, ba shi da takardar zama ko ɗaya. Haj ya ba shi ɗakin bayan gareji yana kwana, yana gadi. Ɗakin nan shi ne rufin asirinsa, domin bai buƙatar ya bi ta shingen masu bindiga safe da yamma kamar mu. Ya sha gaya mini shi ba tsallaka teku zuwa ƙasar Turawa zai yi ba, nan ɗin ya ishe shi.

Wata rana wani mutum ya kawo mota mai baƙin gilashi, babu lamba, irin wadda masu bindiga ke hawa, a yi masa waldar salansa. Yana jira ya zauna cikin masu shayi. Talabijin na nuna ana tono yara daga ɓaraguzan gini, muhawara ta yi zafi, baƙon ya fi kowa ɗaga murya. Haj, don ya sassauta wurin, ya waiga wajen dattijo yana murmushi.

"Kai fa, tsoho? Mece ce mafita?"

Dattijo ya ɗaga gilashin walda, ya dubi talabijin, ya haɗa ɗan Larabcinsa da Hausa ya ce, "Rabbi yijib nasara."

Allah ya kawo nasara, abin da yake nufi ke nan, addu'ar da muke yi wa mai jarrabawa da mai jinya. A Larabci kuwa "nasr" suke cewa. Nasara a kunnensu Kiristoci ne, Turawan da aka yini ana tsine wa. Mu ma muna da wannan kalmar, amma da murya muke raba su, kunnen Balarabe bai san wannan ba. Baƙon ya ajiye kofinsa ya miƙe.

"Kana cin abincinmu, kana roƙon Allah ya kawo mana Nasara?"

Na fito daga mota har ina buga kai. Na yi bayani da duk Larabcin da na mallaka, na maimaita kalmar da muryoyi biyu kamar mai koya wa yara karatu. Malamin ya gane, ya yi dariya har da tari. Baƙon bai yi ba. Ya tambayi inda dattijon yake kwana, dillalin kuma ya nuna masa ɗakin da baki. Baƙon ya ɗauki hoton dattijo a waya, ya ja motarsa ba a ƙarasa waldar ba.

Haj ya ce dattijo ya bar ɗakin a ranar. Na roƙe shi iyakar roƙo. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Na gane, wallahi na gane," in ji shi. "Amma shi bai gane ba, kuma ka ga motar da ya zo da ita."

Kafin magariba na ɗauki katifar dattijo muka shiga tasi zuwa unguwar Tayuri, inda wasu mutanen ƙasarsu suke cunkushe a ɗaki ɗaya. Duk shingen da muka tunkara sai dattijo ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga. Sai da muka sauka ya yi magana.

"Ɗan'uwa, mi na ce ne? Ɗiyan nan da ake tonowa fa na yi ma addu'a."

Washegari da la'asar aka jawo kujeru, aka ɗora shayi. Haj ya ce a ba Falasɗinawa ƙasarsu, malamin ya girgiza kai. Can dillalin ya leƙo motar da nake ciki ya ce, tunda ashe na iya bayani, ni kuma me na gani?

Na ce masa ba na jin Larabci sosai. Duk sun san ƙarya nake yi.