Ƙaurin da Kaka Ta Binne a Getso

Jiya na buɗe firij bayan kwana biyu babu wuta, na ɗauko kwanon farfesu na shinshina. Ko alamar wari babu. Duk da haka na zubar da shi, 'yata tana kallona kamar na zautu. Ba ta san cewa hanci ya taɓa yaudarar wadda ta fi ni iya girki ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta zubar da abinci. Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa a sha, ƙwayar gero ta faɗi sai ka tsugunna ka tsince. A shekarun tsuke bakin aljihu kuwa abin nata ya ƙaru, don nama sai Sallah, itacen girki ma tattalinsa ake yi.

Ina da shekara tara Goggo, autar Kaka, ta haihu a gidan mijinta a Getso. Bisa al'ada miji ne ke sayen kayan ƙauri, farfesun ƙafar saniya da ake yi wa mai jego a rarraba wa dangi da maƙwabta. Kaka ta ce na autarta ita za ta yi. Ta sayar da 'yar akuyarta ta sayo kayan, ta wuni a gindin murhu, ƙamshin kimba da citta ya cika unguwarmu, Unguwar Tudu.

Sai keken Baffa, ƙanin Baba da zai kai, ya lalace. Tukunya ta kwana biyu a rufe a ɗakin Kaka, ga zafin bazara. Ranar tafiya da hantsi ta shinshina, ta ce lafiya lau. Ta ɗan nuna mata wuta da kara biyu, ta zuba wa yara romo. Ni aka hana ni, don na yi wa yayata rashin kunya. Na koma bayan rumbu ina kuka, ina jin su suna siɗar kwano da gangan.

Da azahar, Baffa bai jima da tafiya da tukunyar ba, ƙanena ya fara amai. Yayata ta riƙe ciki tana murƙususu, ɗan Baffa yana zaryar bayan gida. Baba ya ce rijiya ce, matar Baffa ta ce ɗanyen mangwaro. Kaka kuwa bincike ta shiga yi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da kowa ya ci tun asuba. Koko duk mun sha, rijiya ɗaya ce, mangwaro kuwa na fi kowa ci. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallona, ni kaɗai garau.

"Ke ba ki sha romon ba ko?"

"Ai kin hana ni."

Baba ya so a daina ba su ruwa, wai yana ƙara gudawa. Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta cika yi masa musu ba, ta ce a wurin awon ciki a asibiti an koya musu akasin haka. Ta tafasa ruwa, ta haɗa da gishiri da sukari, tana ba su da cokali kaɗan-kaɗan ko sun amayar. Ta ce in ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini, asibiti za a tafi ba jira. Kaka ta yafa mayafi ta ce, "Ku ji maganarta." Ta ja hannuna muka fita bakin titi, muka hau motar a-kori-kura.

Mun tarar da tsakar gidan surukan Goggo cike da mata. An jera kwanoni ana zuba ƙauri, na mai jego yana hannun uwar mijinta. Kaka, wadda kan yi gaisuwa har mutum ya gaji da amsawa, sallama kawai ta yi.

"Kada kowa ya ci. Ni na dafa, kuma ya kwantar mini da jikoki uku."

Uwar mijin ta kai kwanon hancinta.

"Haba, Hajiya, ai ƙamshi yake. A mayar da shi wuta mana."

"Ni ma ƙamshin na bi. Ku ba ni fartanya."

Ta sa aka juye kowane kwano, ta haƙa rami a bayan gida, ta zuba, ta rufe da ƙasa don kada kaji su tona. Na ji wata tana raɗa cewa tsohuwa ta zo ta kunyata kanta a gidan surukai. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji tausayin Kaka, abin da ban taɓa ji ba. Goggo ta leƙo da jaririya a kafaɗa, ba ta kai ko loma ɗaya baki ba.

Yayata da ɗan Baffa sun miƙe washegari. Ƙanena sai da aka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa. Daga ranar, tukunyar nama ba ta sake kwana a gidanmu ba a tafasa ta sosai safe da yamma ba, abin da aka yi shakka a kansa kuma rami. Kaka ta rasu kafin Goggo ta sake haihuwa.

Yanzu muna da firij, muna da ruwan gishiri da sukari na leda a kemis, amma har gobe mutane hanci suke tambaya. Bara jaririyar nan ta Goggo ta haihu. Na dafa ƙauri da asuba, na kai Getso yana tururi. Goggo ta tsufa, haƙora sun zube, romo kawai ta kurɓa. Ta riƙe kwanon ta ce, "Na tsohuwa dai ƙamshinsa kawai na ji. Shi ya sa nake nan nake shan naki."