Rawar Sanyi a Bakin Tanderu

Tun yana saurayi Baba Mai Burodi yake tsaye a bakin tanderu, har gashin girarsa ya gaji ya daina tsirowa. Jikinsa kullum da zafi, don haka matarsa ba ta taɓa iya gane zazzaɓinsa ba. In ta dafa goshinsa sai ya ce, "Uwargida, ban gasu ba tukuna, mayar da ni."

Wannan ciwon bai yi sallama ba. Da safe lafiya lau, kafin la'asar gaɓoɓinsa kamar an daka a turmi, ga ciwon kai, ga busasshen tari. Ya ce mura ce, wuta za ta kore ta, ita ma ta yarda. Ya ci gaba da fita aiki, har ranar da ta kai masa abinci ta tarar da shi gaban wuta yana rawar sanyi.

A asibiti aka gwada majinarsa. Likita ta ce muguwar mura ce, ba wadda aka saba ba, kuma ta riga ta sauka huhu.

Washegari matar ta dafa goshinsa. Karon farko tun aurensu, ta ji shi da sanyi.