Hoton Yaya Isuhu da babu idanu

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isuhu, mai hoton Madarumfa. Har yanzu in na shiga gidajen garin nan, daga bakin kasuwa zuwa bakin tabki, nakan ga aikinsa rataye a bango. Shi kuwa hotonsa ɗaya ne tak a duniya, kuma ni na ɓata shi.

Kamararsa mai ido biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Na sama shi ke nuna maka mutum in ka sunkuya ka leƙa, na ƙasa shi ke ɗauka. Daga nesa bakinsu ɗaya. In an matso kusa sai su saɓa, na ƙasa ya ɗauki ƙasa da abin da ka gani.

Lokacin ina tuƙa mota tsakanin Maraɗi da Kano. Yaya yana son ɗaukar fuskokin tsofaffi dab da dab, har zanen kumatu ya fito, sai ya aike ni in sayo masa gilasan da ake ɗaura wa kamara don ɗaukar kusa. Ya ce, "Biyu ne, Sani. Na saman mai kauri ne, shi ke karkato gani ya daidaita da na ƙasa. Kada ka sawo wanda babu shi."

A wani kanti a Kano aka jera mini iri biyu. Na leƙa mai kaurin na ga yana karkatar da abu, na ce lalatacce ne. Na zaɓi sirara guda biyu masu ƙyalli. Da na dawo na ce masa mai kaurin ya ƙare. Ya dube ni ya ce, "Duk Kano?" Na ce duk Kano. Ya koya wa hannunsa ɗaga kamarar kamar yatsa uku bayan ya saita, haka ya yi ta aiki.

Da ciwo ya kama shi, wata safiya ya sa hularsa ya zauna gindin itacen bedi ya miƙo mini kamarar. Ya ce, "Ka ɗaga ta hwa, direba, ba sitiyari ba ce." Muka yi dariya. Na leƙa na ga fuskarsa ta cika gilashi, na manta, na danna. Sai bayan sadakar arba'in aka wanko fim ɗin a Maraɗi. Hula ta tafi, goshi ya tafi, hoton ya yanke daidai idanu. Saura hanci, gemu, da wannan dariya.

Yau kowane yaro da salula a hannu, abin da ya gani shi yake ɗauka, in bai yi ba ya goge. Na san da Yaya yana raye, da ya yi tsaki ya ce babu wanda ke tsayawa ya dubi mutum kafin ya danna. Na kuma san da kafin la'asar ya karɓi ta wani yana juya ta.

Jikarsa Rabi ta kawo mini hoton kwanan baya ta ce, "Kaka, idanunsa irin na wa ne?" Na buɗe baki, na tarar sun fara ɓace mini. Sai na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa ubanta ba: mai kaurin yana nan a kantin, a hannuna na riƙe shi na ajiye.

Abin da ya rage mana fuskokin mutanen garin nan ne, da bakinsa yana yi mini dariya. Allah ya jiƙan Yaya, ya haɗa mu inda zan sake ganin sauran fuskar.