Rakiyar da Aka Katse

Har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci. Ina karatun lafiyar al'umma a Manchester, bincikenmu kan dukan da ake wa mata baƙar fata a gidajensu. A wani suna a Cheetham Hill wata mata ta ja ni gefe, ta ce a unguwar Small Heath ta Birmingham take, tana da magana, amma ba a waya ba. Ta ɗan janye mayafinta, na ga rauni a wuyanta.

Na gaya wa malamata, Baturiya, cewa ni kaɗai zan je. Ta ce sam, ƙa'ida ita ce a bi ta hannun shugabannin al'umma. Shugaban da aka samo mana a Birmingham kuwa mijin matar ne. An ba kura ajiyar nama.

A falonsa ya tara mana mata. Ya buɗe da addu'a, ya gyara zama, ya ƙi tashi.

Ya ce, "Mu nan ba mu da wannan problem ɗin, Alhamdu lillahi. Ko ba haka ba?"

Matan suka ce haka ne. Matarsa tana ta zuba mana shayi, ko kallona ba ta yi. Malamata kuwa sai cin waina take tana yaba karamci, ni ina ji kamar in kifar da farantin.

Rakiya kaɗai ta rage mini. A wurinmu mace takan taka wa baƙuwarta, kuma a hanya ake faɗin abin da ba ya faɗuwa a ɗaki. Na ce bas zan hau. Matar ta yi wuf ta sa takalmi. Mun kai ƙofa ta riƙe hannuna, ta ce, "Yaya, wallahi in ban bar gidan nan ba..."

Sai malamata ta buɗe motarta, ta ce haba, ga mota, kada a wahalar da matar gida. Mijin ya fito yana murmushi, shi ya rufe mini ƙofar motar.

A hanya na yi wa malamata masifar da ban taɓa yi wa malami ba. Ta ba ni haƙuri, ban karɓa ba.

Da na koma ni kaɗai, maƙwabciyarsu ta ce an kai matar Kano hutu. 'Ya'yanta suna nan wurin ubansu, suna zuwa makaranta.