Gidan da Na Gina wa Kaka

Da ranin shekarar 1955, wata Laraba da hantsi, ina durƙushe a bayan rumbunmu na Matameye ina haɗa motar kara, sai Kaka ya taka mini ita. Kwana da kwanaki na yi ina feren kara, ina soka ƙayar aduwa a madadin ƙusa. Ƙafafunta daga fasasshiyar ƙwarya na yanko su, har ƴan buhunan gyaɗa na ɗinka mata da tsumma, irin na kamiyon, babbar motar kaya da ke wucewa Kano. Shi kuwa ya fito da sandarsa zai zaga bayan gida, ya ɓata hanya kamar kullum, ƙafarsa ta sauka a kan motar. Na fasa kuka. Ya tsuguna yana laluben tarkacen, ya juya ƙafar mota ɗaya a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Kai Isufu, hannun naka ba laifi, amma kana ɓata shi a kan abin Nasara. In kai namiji ne, gina mini gida."

Kaka mahaifin babana ne. A wani ɗan ƙauye bayan Kurni ya yi rayuwarsa duka, har matarsa ta rasu, idanunsa kuma suka tafi, Baba ya ɗauko shi a kan jaki ya kawo shi wurinmu. Jikinsa ne kawai ya zo. Bai taɓa yarda ya koyi tsakar gidanmu ba, wai baƙo ba ya haddace gidan mutane. Inna takan dama masa fura mai kyau, ƙwaryar ta dawo kusan yadda ta tafi, tuwon dare ma sai ya taɓa loma biyu ya ture akushi. Muna kallo yana ƙarewa, rigarsa tana yi masa yawa. Maganarsa ɗaya ce, yaushe za a mai da shi gida. Abin da aka ɓoye masa shi ne rijiyar ƙauyen ta rufta, mutane sun watse, gidan nasa ya zama kufai. Baba ya ja mana kunne, ya ce duk wanda ya faɗa masa shi ya kashe shi. Kowace bazara Kaka yakan tambaya ko an je an yi wa gidan yaɓe kafin ruwa ya sauka. Baba sai ya ɗaure wa jaki akumari, ya je ya wuni a rumfar wani abokinsa, da yamma ya dawo ya ce, "An yi, Baba."

To, wannan gidan ne aka sa ni ginawa, ni da ban taɓa kwana a cikinsa ba. Muka zaɓi gindin bangon zaure saboda inuwa. In na taso daga makarantar allo, na yanko wa awaki ciyawa, na cika randar Inna, sai in gangara kududdufi in ciko tsohuwar tasa da laka. Kaka ya sa na kwaɓa ta da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, na bar ta ta kwana, kamar yadda magina na gaske ke yi. Tubalina bai wuce ƙwayar gyaɗa girma ba, amma kowane ɗaya sai ya bi ta hannunsa. Ranar da na gama zaure ina jiran yabo, ya shafa ƙofar, ya tambaye ni ta ina rana ke fitowa, sannan ya sa babban yatsa ya rushe shi. "Wane sakarai ne ke buɗe ƙofa gabas? Ta can ruwa yake zuwa." Na sake. Na yi danga da sillen kara, na ɗora rumbu a kan ƴan duwatsu don gara, na yi masa jinka da shuci, na kafa turken akuya, na dasa reshen tsamiya inda ya ce tsamiyarsu take. Da muka zo ɗakin marigayiya na ce ai ɗakin matata ne, ya ce in bari in fara wanke majina tukuna. Daga baya ya sa na jiƙa ɓawon ɗorawa na haɗa makuba na shafe bangayen, warinta ya kama mini hannu har Inna ta hana ni sa hannu a tuwo sai na dirje da toka.

Abin mamaki, yana cikin faɗa da gyara sai ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwaryar fura ya kafa kai, bai ma san ya sha ba. Inna ta lura. Daga ranar, in na nemi zillewa, da ido kawai take mai da ni gindin bango. Ni kuwa, gaskiya, na gaji. Yatsuna sun tsage, bayana ya ƙage, ina jin sowar abokaina suna langa a dandali ni ina nan ina gyara kusurwar da makaho ya ce ta karkace. Na gaji da tsohon, na gaji da gidansa. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne in ya shafa wani lungu ya ce, "In mun koma zan nuna maka, nan kaji ke ƙwai." Sai in ce to, in sunkuyar da kai, ko da yake ba ganina yake yi ba.

A shekarar nan ruwa ya yi jinkiri, Baba ya ce mu yi binne, wato mu shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Aikin binne ba ya barin kowa a gida sai Kaka. Baba yana gaba da sungumi, ni da Inna muna bin sa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Muna gona mai nisa bayan azahar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kowa ya hau hamdala, ni kaɗai na tuna da gidan Kaka. Na yar da ƙwaryar iri na zura da gudu, amma kafin in kai bakin gari an riga an kece da ruwa. Ashe gindin bangon nan mai inuwa shi ne hanyar ruwan gidanmu duka.

Na tarar da Kaka zaune a ƙasa, ya jiƙe sharkaf, hannayensa cikin taɓo. Babu zaure, babu rumbu, babu ɗakin marigayiya, sai ƴan karare suna yawo a kan ruwa. Na tsaya a kansa. Ba asarar aikina ce ta yi mini ciwo ba, tunanina ƙwaryar fura za ta koma dawowa a cike. Baba ya shigo bayana yana haki. Kaka ya gane tafiyarsa, bai ɗaga kai ba ya ce, "Na can ma haka ya zama, ko?" Baba ya fara kame-kame, tsohon ya ɗaga masa hannu. "Bari, ka huta haka nan. Mai yaɓe da warin makuba yake dawowa. Yaron nan ma an yi ta fama da hannunsa. Kai kuwa duk shekara warin goro kake kawo mini." Baba ya durƙusa a cikin ruwan, babban mutum da gemunsa. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai na ji tausayinsa ya fi na Kaka kama ni.

Ruwa yana ta tsiyaya daga indararo. Can Kaka ya goge hannunsa a riga, ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Isufu, in ƙasa ta sha iska, gina mini wannan gidan da muke ciki. Na gaji da karo da rumbu."

Na gina masa, wannan karon a cikin zaure, a kan tudu. Wannan ni na san shi, ni nake kama yatsansa ina bi da shi a kan ɗan ginin, daga ƙofar ɗakinsa, ya zagaye turmi, ya kauce wa murhu, ya fita. Kafin a yanke gero ya iya kai kansa masallacin unguwa ba tare da an ja masa sanda ba. Bai sake tambayar yaɓe ba, bai kuma sake kiran sunan ƙauyen ba. Ya ƙara ƴan shekaru a tare da mu, yana cin tuwonsa yana yi wa Inna ƙorafin gishiri, kuma a Matameye aka rufe shi.

Yau ina zaune a Damagaram, a gidan ɗana, gidan siminti da ba ya neman yaɓe. Jikokina ma suna gini, amma nasu a kwali yake zuwa daga kanti, guntayen roba masu launi da ake haɗawa a wargaza a wuni ɗaya, ba ruwansu da gabas ko yamma. Gidanmu na Matameye an raba shi an tayar da bulo, in na je sai an nuna mini inda zaure yake a da. Idona ya fara hazo, ƙafata ta yi nauyi, wani lokaci nakan zauna ina bin tsohuwar tsakar gidan nan da yatsa a kan gwiwata. Yaran suna da kirki, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Sai dai har yau ban samu wanda zan ce ya gina mini ba.